Takardu Talatin da Ɗaya da Likita Sake-Awo Ba Ta Rubuta Ba

Shekara goma sha tara na yi ina aiki a ɗakin karatu na wata cibiyar binciken lafiya. Aikin da aka fi sanina da shi shi ne haɗa jerin ƙarshen shekara: wane ya buga takarda nawa a mujallun likitoci, da su wa ya haɗa hannu, kuma sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinsa a cikin nasu rubutun. Da wannan jerin ake ƙara wa mutum girma, da shi kuma ake barinsa inda yake ya yi ta tsufa. Shi ya sa idan shekara ta zo ƙarshe nakan zama 'yar lele. Har waɗanda ba sa amsa gaisuwata sai ka ga sun leƙo suna tambayar ya yara, ya ƙafar mahaifiyata.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa leƙowa don wannan ba, wata likitar ƙoda da ake kira Sake-Awo a bayan idonta. A gabanta "Likita" ake cewa. Ni kuwa Yaya nake ce mata, don ta ba ni shekara goma sha biyu, kuma ita ta tsaya a kaina ranar da haihuwar fari ta zo mini da gardama.

Sunan daga ɗakin marasa lafiya ya fito. Nas za ta kawo mata awon jinin majiyyaci, ta dubi takardar, ta dubi mutumin, ta ce, "Sake awo." A sake a kawo, idan bai kwanta mata ba ta karɓi abin awon ta yi da hannunta. Mijinta, wanda malamin lissafi ne a sakandare, yakan ce shekara talatin yana gaya mata ya tashi lafiya lau, ba ta taɓa yarda ba sai ta latsa ƙafarsa ta ga ko ta kumbura.

Ba da likitanci ta fara ba. 'Yar mai gyaran agogo ce, ta bakwai cikin su tara, kuma aikin nas ta yi na shekara takwas a ɗakin wankin ƙoda kafin ta koma makaranta da goyo a baya. Tana dab da arba'in ta zama likita. Tun tana nas ta lura da wani abu da ya tsaya mata a rai: da yawa daga mazan da ake kawowa ƙodarsu ta lalace ba su da ciwon suga, ba su da hawan jini. Idan ta tambayi sana'arsu, sai ta ji mai gasa burodi, maƙeri, mai ƙona bulo. Duk masu yini a bakin wuta.

A kan wannan ta ƙarar da ƙuruciyar aikinta. Ta rubuta sunayen maza ɗari uku da goma sha biyu, ta bi su shekara tara. Takan isa gidan burodi da kula cike da 'yan kwalabe, ta karɓi fitsarin kowa kafin ya shiga aiki, ta dawo ta karɓa bayan ya tashi. Masu burodin har waƙa suka yi mata ta tsokana. Duk abin da ta auna yana cikin manyan rajista guda bakwai masu shuɗin bango, a kulle cikin kabad, makullin yana jakarta.

A shekara ashirin takarda goma sha ɗaya ta buga. An ambace su sau ɗari da arba'in, wanda a wajen masu wannan harka ba abin a zo a gani ba ne. Shugaban sashenmu, wani farfesa mai son a ga sunan cibiya a sama, yakan ce mata a taro, "Likita, wannan ai tafiyar hawainiya ce." Ita kuma ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙoda ba ta lalacewa a rana ɗaya, ni ma ba zan gane ta a rana ɗaya ba."

Shekarar da abin ya faru, na dawo ne daga dogon hutun jinyar mahaifiyata, don haka jerin shekarar da ta gabata ba ni na haɗa ba, sakatariyar shugaba ce. Na zauna gaban kwamfuta na rubuta sunan Yaya, ina jiran in ga goma sha ɗayan nan da na haddace kamar sunayen 'ya'yana. Sai na ga arba'in da uku. Ambato kuwa ya haura dubu biyu.

Da farko na ce takwara ce. Na duba adireshin da ke ƙarƙashin sunan, cibiyarmu ce, har da lambar ofishinta. Na fara buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya. Wata a kan ciwon hanta, wata a kan ƙwayoyin cuta a ruwan sha, wata a kan idon ɓeraye. Idon ɓeraye! Matar da muka taɓa gani a tsaye bisa benci tana salati saboda ɓera ɗaya ya kuɓuce daga ɗakin gwaje-gwaje. Kowace takarda tana da marubuta goma sha wani abu, daga ƙasashen da na tabbata ba ta taɓa takawa ba, kuma idan ka duba ƙarshen kowace, 'yan uwanta take ambata. Wannan ta ambaci waccan, waccan ta ambaci wannan, kamar masu yi wa juna kirari. Suna ɗaya ne ban rasa a kowace ba, na wani abokin karatunta da ke koyarwa a ƙasar waje, wanda muke kira Ɗan Jirgi don kullum yana hanyar wani taro.

Na fitar da jerin a firinta, na ajiye a aljihun teburina kwana uku. A kwana ukun nan na fara ganin abubuwan da da ban kula ba. An mayar da ita ofis mai taga. Shugaba ya manna sunanta a allon sanarwa da jan alƙalami. An sa ta a sahun farko na masu neman zama farfesa. Ita kuma da ke tsayawa mu yi hira a bakin famfo, yanzu sai ta ɗaga mini hannu daga nesa ta wuce. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Amma kuma ina tuna matar da ba ta yarda da awon jini sau ɗaya ba, sai in rasa inda zan ajiye zargin.

Rana ta huɗu na shiga ofishinta da hantsi, na rufe ƙofa, na ajiye mata takardun.

Ba ta taɓa su ba. Ta dube su daga inda take, sannan ta dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya aiko ki?"

"Yaya, ba wanda ya aiko ni. Aikina nake yi."

"Aikinki ƙirga ne. Wa ya ce ki karanta?"

"To ki gaya mini ke kika rubuta, in koma in ƙirga."

Ta gyara zaman tabaraunta. Can ta ce, "Wa kika nuna wa?"

Na rantse mata ban nuna wa kowa ba. Ta tura takardun gabana da bayan biro, kamar abin da zai ɓata mata hannu, ta ce in ja mata ƙofar idan zan fita.

Kwana takwas bayan haka wasiƙa marar suna ta isa gaban kwamitin ƙarin girma. Kafin azahar labari ya zaga cibiya, har mai shara ta ji. Daga ranar Yaya ta daina gaishe ni. Ta sa aka canza kwaɗon ofishinta. Fulas ɗin shayinta da take bari a kan tebur, yanzu da shi take shiga ɗakin marasa lafiya. Ta zargi likitan yara da suke neman kujera ɗaya. Ta zargi ƙanin mijinta da ke aiki a ofishin mulki, har ta daina zuwa gidansu, matarsa ta yi ta aike ba amsa. Ni kuwa ba sai an faɗa ba. Idan muka haɗu a matattakala sai ta manne da bango ta ba ni hanya, kamar mai ɗauke da wata cuta.

Sauran ma'aikata su ma kowa ya kama kansa. Waɗanda suka taɓa haɗa takarda da ita suka riƙa zuwa wurina a ɓoye, su ce in duba musu ko sunansu ya fito a wani wuri da ba su sani ba. Wani ma cewa ya yi in duba masa na maƙwabcin ofishinsa.

Bayan mako biyu ta aiko nas ta kira ni. Na same ta ta baje rajistocin nan bakwai a kan tebur.

"Ba don na yarda da ke na kira ki ba," ta ce. "Ke kaɗai ce kika san yadda ake samo cikakkun takardun nan. Ina son su duka, kowane shafi."

Yini uku muka yi a kansu, ita da biro ja, ni da firinta. A rana ta biyu ta tsaya cak a kan wani jadawali a cikin takardar da aka ce bincike ne a kan ma'aikatan wata ma'adana a wata nahiya, mutum dubu uku da ɗari da ashirin. Ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya, ta jawo rajista ta uku, ta buɗe ba tare da ta nema ba.

"Zo ki gani. Wannan lamba arba'in da bakwai ne."

"Wane ne shi?"

"Mai burodi ne, da ƙoda ɗaya aka haife shi, shi ya sa awonsa ba ya kama da na kowa. Ni na je jana'izarsa. Ga shi nan sun mayar da shi mai haƙar ma'adini, kuma sun rubuta shi sau goma."

Mutanenta ɗari uku da goma sha biyu aka ninka sau goma, aka canza musu ƙasa da sana'a. Takardar kuma ta ƙare da cewa zafi ba ya yi wa ƙoda komai, wato kishiyar abin da ta yi shekara tara tana gani da idonta. Ga sunanta na huɗu a jerin marubuta.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. A nan ta ba ni labarin. Shekara uku da suka wuce Ɗan Jirgi ya zo taro, ya nemi ta ba shi alƙalumanta a haɗa da na wasu ƙasashe a yi babbar takarda guda. Ta ba shi, aka yi, ta karanta kowane layi kafin a buga. Wannan ta goma sha biyu halaliyarta ce. Bayan wata shida autarta, wadda ke jami'a, ta nuna mata a waya cewa sunanta ya fito a wasu takardu biyu.

"Na ga biyun nan, ƙanwata. Na ce gobe zan kira shi. Washegari na shiga ofishin shugaba, ya miƙe tsaye ya gaishe ni, abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin. Auta kuma ta riga ta tura wa yayyenta. Sai gobe ta zama jibi."

"Sauran fa, Yaya?"

"Sauran na hana kaina dubawa. Idan Auta ta ɗauko waya sai in ce ido na ciwo."

A gabana ta kira shi, ta sa wayar a kan tebur yadda zan ji. Ya ɗauka da fara'a, yana kiranta da sunan da suke tsokanarta da shi a makaranta. Da ta gaya masa abin da ke gabanta, sai ya yi dariya.

"Haba 'yar uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa haka yake yi. Na ga kin daɗe a wuri ɗaya, na ce bari in ɗaga ki. Laifi ne?"

"Mujallun nan ba sa buga sunan mutum sai sun aika masa saƙo ya amince. Ina saƙonnin suka tafi?"

A nan ya faɗi gaskiya. Ashe adireshin imel ya buɗe da sunanta, harafi ɗaya ya bambanta da nata, shi yake amsawa a madadinta.

"Mutanena kuma da ka ninka?"

"Wa zai ƙirga su? Ke dai ki yi shiru, ƙurar za ta lafa." Sai muryarsa ta canza. "Kin dai ji daɗin ofis mai taga. Kowa ya ci ladan kuturu, kin san sauran."

Ta kashe wayar. Ta ture ta gefe. Sannan ta dube ni ta ce, "Kin ji komai. Idan ke ce mai kai labari, ga shi kin samu na kaiwa."

Na jawo kujera. Na ɗauko takarda na fara jera adireshin editocin mujallun.

Wasiƙa talatin da ɗaya ta rubuta, kowace da sa hannunta, kowace tana cewa ba ta rubuta wannan takarda ba, ba ta ga aikin ba, a cire sunanta. A kan guda huɗu da aka yi amfani da alƙalumanta ta haɗa da hoton shafukan rajista, bayan ta rufe sunayen mutanen da farar takarda. Mijinta ya ɗauki hutun kwana biyu ya zo ya zauna a kusurwar ofis yana gwada jadawali da jadawali, yana ƙunƙuni cewa ko ɗalibansa na aji ɗaya sun fi wannan iya satar amsa.

Shugaba bai so ba. Ya kira ta ya ce ta bari a kashe maganar a cikin gida, don idan takardun suka faɗi, matsayin cibiya zai faɗi tare da su. Ta ce masa wasiƙun sun riga sun tafi. Da yamma na ga an cire sunanta daga allon sanarwa, sai ramukan fil guda huɗu.

Ranar da kwamiti ya zauna, ni aka kira in kawo jerin, don haka ina ciki. Mutum bakwai a bayan dogon tebur, ita kaɗai a gaba da jakarta a cinya. Wani dattijo likitan ƙashi, wanda ba ya son dogon zance, ya ce, "Likita, tambaya ɗaya ce. Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Biyu na sani na yi shiru," ta ce. "Ashirin da tara na ƙi dubawa don kada in sani. Ku auna shi yadda kuka ga dama."

Likitan yara, wanda ta yi wata guda tana zargi, shi ne ya ce a duba cewa da hannunta ta tona. Wasu suka ce ta tona ne bayan an riga an tona ta. Aka yi ta ja har la'asar. A ƙarshe aka ba ta takardar gargaɗi, aka ce ba za ta sake neman ƙarin girma ba sai bayan shekara uku, aka mayar da ita tsohon ofishinta na kusa da ɗakin janareta.

Ba ta sake nema ba. Ta ƙara buga takarda biyu, duka a kan masu aikin wuta, ɗaya ita ce ta sa wasu gidajen burodi suka fara ajiye randar ruwa a bakin tanda suna ba ma'aikata hutun shan iska. Ba ta ƙara haɗa hannu da wanda ba ta taɓa zama da shi a ɗaki ɗaya ba. Daga cikin talatin da ɗayan nan, mujallu sun janye ashirin da biyu. Tara suka rage: wasu editocin ba su amsa ba, wasu mujallun ma ko adireshinsu ya ɓace. Ɗan Jirgi kuwa mun ji an bincike shi a inda yake, ya koma wata ƙasa. Har yanzu nakan ga hotonsa a taruka, da kati rataye a wuya.

Ta shirya da ƙanin mijinta, amma sai da aka kai shekara. Ni da ita mun koma gaisawa, har da hira, sai dai akwai abin da bai koma ba. Ranar da ta ajiye aiki, ina taya ta ɗaure rajistoci a kwali, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Yanzu dai ba abin da zai canza. Ke ce kika rubuta wasiƙar nan?"

"Wallahi Yaya ba ni ba ce."

"Na ji," ta ce. Ba ta ce ta yarda ba.

Sai bayan tafiyarta na ga wasiƙar da idona, lokacin da aka kawo tsofaffin fayilolin kwamiti ɗakin karatu don ajiya. Shafi ɗaya ce, ba zagi, ba ƙazafi. An jera takardu talatin da ɗaya cif, an bar goma sha biyun nata na gaskiya, har da waccan ta haɗin gwiwa da Ɗan Jirgi, wadda duk baƙon ido zai ɗauka tana cikin na bogi. A lokacin da aka rubuta ta, in ka cire Ɗan Jirgi, waɗanda za su iya wannan rarrabewar ba su wuce biyu ba: ita, sai mijinta mai kwana ɗaki ɗaya da ita. Ni dai na san ba ni ba ce, don a lokacin goma sha ɗaya kawai na sani nata. Na mayar da wasiƙar cikin fayil, kuma ban taɓa tambayar ko ɗayansu ba.

Yanzu tana duba marasa lafiya sau biyu a mako a wani ƙaramin asibiti kusa da gidansu. Duk farkon shekara takan sake aika wa mujallun nan tara wasiƙa, mijinta na yi mata tsiya cewa ta fi mai neman aure naci. Makon jiya ta kira ni ina tsakiyar shirya littattafai.

"Ƙanwata, Auta ta ce wai ɗaya ta amsa, sun janye. Bayan shekara shida! Duba mini ko gaskiya ne."

Na duba, na ce mata gaskiya ne, saura takwas.

"Kin gani da idonki, ko a waya kika gani?"

"A kwamfutar ofis, Yaya."

"To fitar mini da shi a takarda ki kawo ranar Asabar. Ki zo da wuri, kuma ki taho da sakamakon gwajin mahaifiyarki in gani, wancan na bara bai kwanta mini ba."